Gwajin Katako Tsakanin Idon Baba da Kwamfutar Jikarsa

Mahaifina ya baro Tawa yana saurayi ya zo Abijan, kuma tun ina yaro sana'arsa ɗaya ce: sayar da katako a Adjamé, kamar mutanenmu na Adar da dama. A rumfarsa na tashi, cikin ƙurar zarto da hayaniyar motocin gbaka. Idan kafinta ya zo neman abin rufi, Baba yakan ɗaga katakon ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa shi, ya kanne ido ɗaya ya bi tsawonsa, sannan ya ce katakon zai ɗauki nauyin rufin ko ba zai ɗauka ba. Ban taɓa ganin ya riƙe alƙalami a kan wannan ba.

Bara aka tashi sake rufin makarantar Islamiyyar da 'ya'yana ke zuwa a Treichville. An rushe bangon tsakiya don a haɗe ɗakuna biyu, sai faɗin ya tashi daga mita 3 zuwa mita 6. Kafinta ya ce a sayo irin katakon da, sai dai mai tsawo. Ɗiyar yayana, wadda ta karanta aikin injiniyan gini a INP-HB ta Yamusukuro, ta ce a dakata mata kwana biyu. Na ɗauke ta muka tsallake gadar Houphouët-Boigny zuwa wurin Baba, kwamfutarta a jaka.

Manhajar da ta buɗe sunanta Robot, ta kamfanin Autodesk, wadda injiniyoyin ƙasashen renon Faransa suka saba da ita. Ta ja layi ɗaya a allo, ta ce wannan shi ne katakon. Ta sa masa wurin zama a kan bango biyu, ta rubuta kaurinsa da zurfinsa, sannan ta fara ɗora masa kaya: nauyin kwano, nauyin silin, nauyin mutumin da zai hau gyara, da ƙarfin iska. Ta danna, layin ya lotsa a tsakiya kamar igiyar shanya, lambobi suka fito da ja.

Tambaya uku manhajar ke amsawa: zai karye a tsakiya, zai tsage kusa da bango, ko zai lotsa fiye da kima? Ta ukun ce ta fi ba ni mamaki. Idan ka ninka tazara sau biyu da katako iri ɗaya da kaya iri ɗaya a kan kowace mita, lotsawar ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau 16 ne. Ita kuwa iyakar da ta ɗauka ita ce kashi ɗaya cikin 300 na tazarar, wato santimita 2 kacal a mita 6. Shawarar kafinta ta faɗi tun a nan.

Ta kuma nuna mana abin da kowane mai rumfa ya sani da hannu. Katako mai santimita 5 da 15, idan ka tsayar da shi a kan gefensa, ya fi na kwance ƙarfi sau 3, ya fi shi ƙin lanƙwasa sau 9. Ka ƙara zurfin daga 15 zuwa 20, katakon da ka ƙara sulusi ne, amma taurin ya haura ninki biyu. Baba ya yi murmushi, ya ce maginan garinsu ma ba sa barin azarar giginya ta tsallake fili mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa suke ɗaure baka a manyan soraye.

Daga nan ya matso da kujerarsa ya yi tambayar da ta juya zaman.

“Uwata, wane itace ne wannan da kike ta ɗora wa kaya?”

“C24 ne, Kaka.”

“A wane daji yake fitowa?”

C24 aji ne na katakon Turai, dangin itatuwan ƙasashen sanyi, wanda aka tantance aka buga masa hatimi. Ƙa'idar da manhajar ke bi, Eurocode 5, da irin wannan katako mai shaida take aiki. A kasuwarmu kuwa mai saye yakan ce a ba shi jan katako ko farin katako, shi ke nan. Ƙarƙashin “fari” akwai samba da frake, har da rimi. Ƙarƙashin “ja” akwai itatuwa iri-iri da ba su da halin juna. Mita ɗaya ta ko'ina na busasshen samba bai kai kilo 400 ba, na loko, wanda ake kira iroko, ya haura 600, azobe kuwa ya wuce 1,000, har nutsewa yake a ruwa. Wajen tauri samba bai fi wajen rabin loko ba. Da an bar C24 a allo an je an sayo samba, rufin zai lotsa kusan ninki ɗaya da rabi na abin da kwamfuta ta faɗa, ga shi gara ba ta jin kunyarsa.

Yarinyar ba ta yi gardama ba. Ta buɗe Tropix, kundin da cibiyar bincike ta CIRAD da ke Montpellier ta tara a kan halayen itatuwa 245, ta ɗauko alƙaluman kowane iri ta shigar da hannunta. Amma wa zai gaya mata cewa wannan tulin loko ne na gaske, wancan kuma kama ce kawai? Baba ne, da ƙamshi da launin ɓargo da yadda zarto ke cinsa.

Sai batun danshi, wanda a ganina shi ne ya fi cutar masu gini a garin nan. Abijan na zaune a bakin teku da tafkin Ebrié, iskarta jiƙe take kusan duk shekara, balle a watan Yuni. Katako da yawa yana isowa rumfa ɗanye, a saye shi yau a kafa gobe. Itace kuwa yana ci gaba da lotsawa a hankali ƙarƙashin kayan da ya daɗe a kansa. A lissafin Eurocode 5, busasshen katako a cikin ɗaki lotsawarsa ta ƙarshe takan kai ninki 1.6 na ta ranar farko, wanda ke zama a jiƙe kuwa ninki 3. A manhaja wannan zaɓi ne na danna ɗaya, kuma wanda bai taɓa ɗaga ɗanyen katako ba zai iya wuce shi bai lura ba. Duk rufin da ka gani a Treichville ya yi ciki kamar bayan tsohon jaki, ka tambaya, sau da yawa tarihinsa ke nan.

Ina ganin lissafin nan ya zama dole gare mu, masu sayarwa ma. A da Baba yakan ce a ƙara kauri don a kwana lafiya, katako na da araha. Yanzu dajin Kodebuwa da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 16 a farkon ƙarni na 20 ya koma ƙasa da miliyan 3 a ƙidayar 2021. Manyan gungume sun yi wuya, kuma loko mai mita 6 marar aibi sai an sha nema. Ƙari a kan buƙata ɓarna ce, ragi kuwa ganganci da rayukan yaran da ke zaune a ƙasa.

A ƙarshe ba a sa dogon katako guda ba. Yarinyar ta zana ƙirar kusurwa uku da gajerun katakai, ta lissafa kowace mahaɗa, ta sa ƙusoshi masu noti da ɗaurin ƙarfe a kan bango, domin rufin kwano ba nauyi kaɗai ke kayar da shi ba, hadari kan yaye shi sama. Baba ya zaɓi katakan da kansa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da huɗu saboda ƙulli a tsakiyarsu, ya sa aka jera sauran a inuwa da 'yan sanduna a tsakani har suka sha iska. Malamin makarantar ya yi ta aiko yaro yana tambayar yaushe za a fara. Ranar da aka gama, ta ɗaure zare daga bango zuwa bango ta auna tsakiyar, ta rubuta lambar da alli a jikin katakon, ta ce bayan damina za ta dawo ta sake aunawa. Baba ya ce idan za ta zo ta biyo masa ta Adjamé.