Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Za Mu Shirya 'Ya'yanmu Domin Jarrabawar JAMB

 Kowace shekara iyaye da yawa a ƙauyukanmu sukan sayar da hatsi ko akuya domin su biya wa yaro kuɗin jarrabawar shiga jami'a. Yaro ya tafi birni ya rubuta, sakamako ya fito, sai gida ya yi tsit. Daga nan sai a ce yaron ba shi da ƙwaƙwalwa, ko kuwa a ce ɗan talaka ba ya samun jami'a. Amma sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ce ta kasa ba. Shiri ne aka fara a makare, akwai kuma waɗansu ƙananan abubuwa da ba wanda ya bayyana wa iyaye. Yawancin abubuwan nan iyaye da ikilisiya za su iya gyara su, ko da su kansu ba su taɓa shiga aji ba.

Mece ce wannan jarrabawa?

JAMB ita ce hukumar da gwamnatin Nijeriya ta kafa a 1978 domin ta lura da shigar ɗalibai manyan makarantu. A da jarrabawar masu neman jami'a dabam take da ta masu neman kwalejin ilimi ko kwalejin kimiyya da fasaha. A 2010 aka haɗa su suka zama ɗaya, ana kiranta UTME, ko da yake mutane har yanzu JAMB suke cewa. Tun daga 2015 kuma aka daina rubuta ta da takarda, kowa a kan kwamfuta yake yi.

Ɗalibi yakan rubuta darussa huɗu. Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuwa sun dangana ga abin da yake so ya karanta. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga cikin sauran ukun, a amsa su duka cikin awa biyu. Idan aka raba, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 ke nan. Jimillar maki 400 ne. A 2025 ɗalibai fiye da miliyan 1.9 suka rubuta, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu kuwa ba su kai maki 200 ba. A shekarar 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi domin shiga jami'a 150 ne, amma kada wannan ya ruɗe mu. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kuma mai neman likitanci ko aikin lauya yana bukatar maki da ya zarce wannan nesa.

Sai mu lura kuma cewa JAMB kaɗai ba ta kai yaro jami'a. Yana bukatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, wato WAEC ko NECO ko NABTEB, a darussan da suka dace, ciki har da Turanci. Lissafi dole ne ga masu neman kimiyya da fasaha da irinsu, saboda haka abin da ya fi lafiya shi ne yaro ya sami duka biyu. Bayan haka, jami'o'i da yawa sukan yi tasu tantancewar kafin su ɗauki ɗalibi. Sakamakon JAMB kuwa na shekara ɗaya ne kawai. Wanda bai samu shiga ba sai ya sake biya ya sake rubutawa.

Shiri yana farawa daga aji huɗu

Kuskure na fari yakan faru shekara uku kafin jarrabawa, lokacin da yaro ya shiga aji huɗu na sakandare aka raba su zuwa ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci. Wanda yake so ya zama likita ko nas zai rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Mai son aikin injiniya zai rubuta Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin lauya yana bukatar Adabin Turanci, tare da darussa irin su ilimin Gwamnati ko ilimin addinin Kirista. Hausa ma tana cikin darussan da ake rubutawa. Idan yarinya ta yi shekara uku ba ta taɓa shiga ajin Fiziks ba, sa'an nan a ce tana neman aikin nas a jami'a, ko ta ci maki mai yawa ba za a ɗauke ta ba.

Saboda haka iyaye su zauna da yaro tun yana aji uku, su tambaye shi abin da yake so ya zama, su kuma je makaranta su tambayi malamai inda ƙarfinsa yake. A tambaya kuma ko makarantar tana da malamin kowane darasin da yaron yake bukata, gama akwai makarantun ƙauye da sukan yi shekara babu malamin Fiziks ko Kemistiri. Idan haka ne, gara a sani da wuri a nemi taimako.

JAMB tana da manhaja, wato jerin abin da za a yi tambaya a kai a kowane darasi, tana kuma da littafin da ke nuna darussan da kowane fanni yake bukata a kowace makaranta. Duka biyu kyauta ne a shafinta na intanet. Ikilisiya tana iya sa wani matashi mai waya ya sauko da su, a buga kwafi ɗaya a ajiye a ofishin fasto domin kowa. Akwai kuma littafin labari na Turanci da hukumar takan zaɓa a yi tambayoyi daga cikinsa, kuma takan canja shi bayan 'yan shekaru. A tabbata yaro ya karanta na shekararsa, ba wanda wansa ya bari ba.

Suna ɗaya a kowace takarda

Tun daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Sunan da ke kan NIN da ranar haihuwa su ne hukumar za ta ɗauka. A nan ne yaranmu da yawa suke shiga wahala. A gida ana kiran yaro da sunan kakansa, a takardar baftisma an rubuta wani suna, a makaranta malami ya rubuta wani. Yau Yohanna, gobe John. Idan sunan da ke takardar WAEC ya sha bamban da na NIN, gyaran yakan ci kuɗi da lokaci, wani lokaci har ya hana yaro shiga makaranta. A yi wa yaro NIN tun yana aji huɗu ko biyar, a duba kowane harafi, a kuma yi rajistar WAEC da NECO da sunan nan daidai. A sani kuma cewa ƙa'idar shekarun shiga jami'a 16 ne.

Rajista tana farawa da saƙon waya da ake aika wa hukumar ta lambar 55019 ko 66019. Layin da aka yi amfani da shi ya zama na yaron ne shi kaɗai, ko na iyayensa, a kuma adana shi sosai, domin ta nan ne saƙonni za su riƙa zuwa, ta nan kuma ake duba sakamako. Kada a yi da layin maƙwabci ko na mai shagon kwamfuta. Rajistar kanta a cibiyoyin da JAMB ta amince da su kaɗai ake yi, kuma dole yaron ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa. 'Yan mata su guji sa lalle a yatsu gab da rajista da kuma gab da jarrabawa, gama yakan hana na'ura gane yatsa. A 2025 kuɗin rajista Naira 7,200 ne, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Kuɗin yakan canja, sai a tambaya kowace shekara, a kuma lissafa da kuɗin mota da abinci na zuwa birni aƙalla sau biyu.

Yaron da bai taɓa taɓa kwamfuta ba

Yaro yana iya sanin amsa sarai, amma idan ranar jarrabawa ce ranarsa ta fari a gaban kwamfuta, tsoro zai cinye masa rabin lokaci. Abin kuwa ba shi da wuya. Ana iya amsa tambayoyin da 'yan maɓallai kaɗan: A, B, C da D domin zaɓen amsa, N domin zuwa tambaya ta gaba, P domin komawa baya, S domin miƙa aiki idan an gama. Yaron da ya gwada sau biyar ko shida zai saba.

A yawancin garuruwanmu ba a rasa kwamfuta ɗaya, ko a wurin malamin asibiti, ko a ofishin gunduma ta ikilisiya, ko a hannun wani ɗan bautar ƙasa. Akwai manhajojin gwaji masu ɗauke da tsofaffin tambayoyi da suke aiki ba tare da intanet ba. A roƙi mai kwamfutar ya ba yara awa ɗaya ko biyu a mako, su riƙa yi bi da bi. JAMB kanta takan shirya jarrabawar gwaji kafin ta ainihi. Ba dole ba ce, makinta kuma ba ya shiga lissafi, amma ga yaron ƙauye tana da amfani ƙwarai, domin zai ga ɗakin, ya ga layin, ya zauna a kujerar kafin babbar rana.

Lokacin karatu da fitila

Rajista takan kasance a watannin farko na shekara, jarrabawar kuwa wajen Afrilu zuwa Mayu. WAEC da NECO suna biye da ita. Duk manomi ya san wannan shi ne lokacin sharar gona da shuka da noman fari. Yaron da ya wuni a gona, ko yarinyar da ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta dafa tuwo, ta wanke ƙanne, idan ta buɗe littafi da dare barci ne zai ɗauke ta. Ba muna cewa a hana yara aikin gida ba, amma a shekarar ƙarshe a rage musu, 'yan mata musamman. Awa biyu kowace rana na tsawon shekara sun fi kwana ba barci na mako biyu.

Inda babu lantarki, majami'a tana iya zama ɗakin karatu. Fitila ɗaya mai amfani da hasken rana ta isa yara goma su zauna kewaye da tebur, dattijo ɗaya ko mace ɗaya daga zumuntar mata tana lura da su har su tashi. Ranar Asabar a ba su tsofaffin tambayoyi, a sa agogo, a tsaya daidai awa biyu, sa'an nan a bi amsoshin tare. Amfanin tsofaffin tambayoyi shi ne su nuna wa yaro inda yake da rauni ya koma littafi, haddace amsoshi kawai ba ya kai ko'ina. A koya musu su tsallake tambayar da ta yi wuya su dawo mata daga baya, kada kuma su bar wata ba amsa. Turanci kuwa, da yake shi ne ya fi yawan tambayoyi, maganinsa karatu ne kullum. Yaro ya riƙa karanta Littafi Mai Tsarki na Turanci kusa da na Hausa, da jarida, da kowane littafin labari, yana rubuta sababbin kalmomi. Malaman makaranta da suka yi ritaya, da ɗalibanmu na jami'a idan sun zo hutu, wannan hidima ce da za su iya yi wa Ubangiji.

Hanyar da ba ta Kirista ba

Za ku ji masu cewa a kawo kuɗi a ba yaro amsa, ko a ƙara masa maki bayan sakamako ya fito, ko a kai shi makarantar da ake kira cibiyar mu'ujiza inda ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Masu cewa za su ƙara maki 'yan damfara ne. Satar jarrabawa laifi ne a dokar ƙasa ta 1999, hukuncinsa yana kaiwa ga ɗauri, hukuma kuma takan soke sakamako. Ban da doka ma, uban da ya saya wa ɗansa amsa ya koya masa ƙarya da kuɗin guminsa. Mu tuna da Daniyel da abokansa uku a Babila. Shekara uku suka yi suna koyo, suka ƙi ƙazantar da kansu, sa'ad da sarki ya gwada su kuwa aka same su sun fi sauran. Addu'a da aiki tare suke tafiya.

Ranar jarrabawa yaro ya tafi da takardar da ke nuna cibiyarsa da rana da lokaci. Idan wurin da nisa, ya kwana a garin, a gidan ɗan'uwa ko na fasto. Ba a shiga da waya ko agogo ko na'urar lissafi.

Bayan sakamako

Tun daga 2017 duk shiga makaranta ta wani tsari na JAMB da ake kira CAPS take bi. Dole a sa sakamakon WAEC ko NECO na yaro a shafin hukumar, ya riƙa dubawa, idan an ba shi gurbi ya karɓa a can. Gurbin da aka bayar ta bayan fage ba ta wannan hanya ba yakan jawo matsala lokacin zuwa bautar ƙasa. Idan makin bai kai na fannin da yaro ya zaɓa ba, ana iya canja fanni ko makaranta. Kwalejin ilimi, da kwalejin kimiyya da fasaha, da makarantar koyon aikin jinya duk hanyoyi ne masu daraja, mai takardar NCE ko difloma kuma yana iya shiga jami'a daga baya ya fara daga aji biyu. Akwai kuma shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda shi ma yake kai ɗalibi aji biyu. Yaron da bai ci ba kuwa, kada a yi masa gori a gida. A duba darasin da ya faɗi, a sake shiri.

Muna roƙon kowace ikilisiya, kafin ƙarshen wannan wata, dattawa su rubuta sunayen dukan yaransu da ke aji huɗu zuwa shida, a san wanda yake da NIN da wanda ba shi da ita, da darussan da kowa yake ɗauka. A tuna da marayu da 'ya'yan gwauraye da na waɗanda rikici ya raba da gidajensu, a keɓe baiko ɗaya domin kuɗin rajistarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ubangiji ya ba 'ya'yanmu hikima, ya kuma ba mu ƙarfin tsaya musu. Amin.