Yadda Ake Gyara Ƙaramin Ƙamus Na Cikin Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya taɓa buga aikin aji a kwamfuta ya san jan layin nan mai lanƙwasa da kan fito a ƙarƙashin wasu kalmomi. Kamfanin Microsoft ya fara saka shi a manhajar Word a shekarar 1995, ko da yake dabarar duba kuren rubutu da na'ura ta girmi wannan lokaci, domin tun a 1971 Ralph Gorin ya rubuta manhajar SPELL a Jami'ar Stanford da ke Amurka. Mutane da dama sun ɗauka jan layin na nufin an yi kuskure. A haƙiƙa abin da yake nufi kawai shi ne na'ura ba ta sami kalmar a cikin jerin da take da shi ba.

Jerin nan iri biyu ne. Akwai babban ƙamus, wanda ya zo tare da manhaja, kuma mai amfani ba shi da ikon buɗe shi ya ƙara ko ya rage. Sannan akwai ƙaramin ƙamus, wanda kan zo wayam, mai kwamfuta ne ke cika shi da kansa. A Word sunansa CUSTOM.DIC, kuma daga Office na 2013 aka ƙaro wani mai suna RoamingCustom.dic. Kalmar ƙamus ma ta yi masa girma, don kuwa babu ma'ana ko bayani a cikinsa, jeri ne kurum, kalma ɗaya a kowane layi.

Ɗalibin ilmin halittu ya fi kowa bukatarsa. Sunayen kimiyya da yawa ba sa cikin babban ƙamus na Turanci, alal misali Vigna unguiculata, watau wake, ko Adansonia digitata, watau kuka. Idan shafi ya cika da jan layi sai ido ya saba, har kuskuren gaske ya ɓace a tsakanin na ƙarya. Maganinsa a danna kalma da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi Add to Dictionary, shi ke nan ta shiga.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Na'ura ba ta tambayar ko abin da aka ba ta daidai ne. A ce ɗalibi na rubutu a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, sai harshensa na Bahaushe ya ja shi ya buga falcifarum, kasancewar Hausa ba ta bambanta sautin p da na f. Da ganin jan layi sai ya zaci baƙon suna ne kawai, ya tura shi ƙamus. Daga ranar na'ura ta daina ƙorafi a kan kuskuren, har ma takan miƙa shi a matsayin gyara ga wanda ya buga kalma mai kama da ita. Idan kuwa kwamfutar ta makaranta ce, duk ɗalibin da ya zauna a bayansa ya gaji wannan kuskure.

Cire shi ba wuya. A Word, daga na 2010 zuwa sama, ana shiga File, sai Options, sai Proofing, sai Custom Dictionaries. A nan za a zaɓi ƙamusun a danna Edit Word List, jerin ya bayyana, a goge gurɓatacciyar kalmar, a buga sahihiya. A LibreOffice kuwa ana bi ta Tools da Options zuwa Writing Aids. Malamin da ke da sunaye ɗari ko fiye zai iya buɗe fayil ɗin da Notepad ya zuba su gaba ɗaya, bayan ya rufe Word, sa'an nan ya kwafa wa sauran kwamfutocin makaranta. Ya fi kyau a ware wa kowane fanni nasa ƙamus, don na tsirrai ba shi da amfani ga mai rubuta wasiƙa.

Akwai wata ƙa'ida da ta dace da masu ilmin halittu ƙwarai. Kalmar da aka shigar da ƙananan baƙaƙe, na'ura za ta karɓe ta ko da an fara ta da babba. Amma wadda aka shigar da babban baƙi a farko, za a ja mata layi idan aka rubuta ta da ƙarami. Tun da a ƙa'idar sunayen kimiyya sunan jinsi da babban baƙi yake farawa, na nau'i kuma da ƙarami, sai a shigar da Adansonia da babban A, digitata kuma da ƙaramin d. Sai dai a sani kalma ɗaya-ɗaya na'ura ke dubawa. Wanda ya rubuta Anopheles falciparum, ya haɗa sauro da ƙwayar da yake ɗauke da ita a suna guda, ba zai ga jan layi ba.

Haka lamarin yake ga kalmomin Hausa. A idon na'ura k da ƙ baƙaƙe ne daban, kowane da lambarsa a tsarin Unicode, saboda haka ƙaya ba kaya ba ce, baƙi kuma ba baki ba ne. Wanda ya yi gaggawa ya shigar da karfe a maimakon ƙarfe ya koya wa na'ura rubutu marar ƙa'ida. Kuma in za a gyara fayil ɗin da Notepad, tilas a adana shi a tsarin Unicode, in ba haka ba baƙaƙe masu ƙugiya su rikiɗe su koma alamar tambaya.

Saura kalmar da ke cikin babban ƙamus amma ba a son ta. Ɗalibai da yawa kan rubuta specie a zaton tilon species ne, alhali ma'anarta tsabar kuɗi na ƙarfe, kuma na'ura ba za ta tanka ba tun da kalmar Turanci ce sahihiya. A babban fayil mai suna UProof, inda CUSTOM.DIC yake, akwai wani fayil da sunansa ya fara da ExcludeDictionary, kowane nau'in Turanci da nasa. Idan aka buga specie a cikinsa aka adana, aka sake buɗe Word, jan layi zai riƙa fitowa a ƙarƙashinta duk lokacin da aka rubuta ta.