Wace Ce Za Ta Riƙe Miki Hannu Ran Naƙuda?

 Na san kun saba da ni a fagen haɗa masoya da raba su, to amma yau ba da wannan na zo ba, yau laifin kaina na zo faɗa. Mu marubuta idan muka aurar da tauraruwar littafi, sai kawai ki ga mun rubuta cewa bayan wata tara ta haifi santalelen ɗa mai kama da ubansa, daga nan sai shagalin suna da ɗinkuna. Layi ɗaya tak! Ni kaina sau uku ina yin haka. Sai da na durƙusa da gwiwata a daminar 2023 sannan na san cewa a cikin layin nan guda akwai daren da ya fi shekara tsawo.

A Birnin Kudu nake aure, iyayena kuwa suna wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Da cikina na fari ya shiga wata bakwai sai Inna ta aiko a zo a tafi da ni goyon ciki, kamar yadda aka yi wa yayyena. Hujjarta ita ce ga Iya ungozoma nan bayan gidanmu, wadda ita ta yanke wa dukkanmu cibiya. Maigidana kuma ya ce sam, a asibiti zan haihu, tunda damina ce, idan aka yi ruwan kirki hanyar garinmu ko babur sai an tura shi. Ni kuwa ina tsakiya, kunya ta hana ni cewa uffan, alhali kuwa maganar raina ake yi.

Ana cikin haka sai wata ƙawata da muka yi sakandare tare, wadda aure ya kai ta Abuja, ta bugo mini waya take cewa ita ta ɗauki dula. Na ce, “Ke kuma dila za ki kai ɗakin haihuwa?” Ta yi dariya har da tari, sannan ta fayyace mini. Wai mace ce da ake biya, ba likita ba ce, ba ta yin allura, ba ta karɓar haihuwa. Aikinta kawai ta zauna da mai naƙuda tun daga farko har ƙarshe, ta murza mata baya, ta ba ta ruwa, ta kwantar mata da hankali, ta kuma isar da kukanta ga malaman asibiti. Na ce a raina, lallai 'yan birni da abin kashe kuɗi suke, yanzu sannu ma sai an saya?

Sai dai maganar ta tsaya mini a rai, har na bi diddiginta. Kalmar daga harshen Girkanci take, asalin ma'anarta baiwa ko mai hidima. A shekarar 1980 wasu likitocin yara na Amurka, John Kennell da Marshall Klaus, tare da abokan aikinsu, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a wani asibiti a ƙasar Gwatamala: matan da aka ajiye wa wata mace ta zauna da su, naƙudarsu ba ta kai rabin tsawon ta waɗanda aka bari su kaɗai ba. Wancan gwajin ƙarami ne, amma a 2017 an tattara bincike 26 daga ƙasashe 17, mata sama da 15,000, aka ga cewa masu abokiyar zama sun fi haihuwa da kansu, naƙudarsu ta ɗan fi gajarta, kuma yawan waɗanda aka yi wa tiyata ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin shawarwarinta, cewa a bar kowace mace ta shiga da wanda ta zaɓa. Dalilin ba boyayye ba ne, domin tsoro da firgici kan sa jiki ya ɗaure, naƙuda ta yi ta tafiyar hawainiya.

A nan ne na tsaya na dubi namu halin, kuma wallahi sai tausayinmu ya kama ni. Muna cewa muna da ungozoma, to amma yaushe ake kiranta? A mafi yawan gidaje sai an ji kukan jariri. Ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta ɗora ruwan wankan jego. Ita kuwa naƙudar, yarinya ita kaɗai take yin abarta a ƙuryar ɗaki, ta cije leɓe, domin an koya mata tun tana ƙarama cewa wadda ta yi raki a haihuwar fari ta ja wa danginta abin gori har abada. Idan kuma asibiti aka je, sai ki tarar da malama ɗaya ko biyu a kan mata da yawa, wannan na kira waccan na kira, 'yan rakiya kuma suna waje a kan tabarma. Kin ga ke nan a gida kunya ta bar ki ke kaɗai, a asibiti kuma ƙarancin ma'aikata ya bar ki ke kaɗai.

Akwai abin da ya sa ban yarda na koma ƙauye ba, ko da yake ban iya faɗa wa Inna a lokacin ba. 'Yar gwaggona, wadda muka tashi tare muna tallan gyaɗa, ita aka fara yi wa aure a cikinmu. Kwana biyu tana naƙuda ba ta gaya wa kowa ba sai da ta kasa tashi. Mijinta ya tafi cin rani, aka rasa mai ba da izinin fita da ita. Aka ba ta jiƙe-jiƙe, daga baya wata tsohuwa ta ce gishiri ne ya tare hanya, ta sa reza. Da aka kai ta asibiti ɗan ya riga ya koma, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Shekara guda tana ɓuya a ɗaki kafin a kai ta Jahun, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aikin haihuwa da ɗinkin yoyon fitsari tun 2008. Alhamdu lillahi an dace, ta warke. Amma har yau idan ana hirar haihuwa sai ta tashi ta ba mutane wuri.

Ba na zagin ungozomomi, iyayenmu ne, kuma sun yi aiki a lokacin da babu kowa. Sai dai akwai abubuwan da ko ta shekara hamsin tana sana'ar ba ta da yadda za ta yi da su. Idan jijjiga ta kama mace saboda hawan jini, allura ta musamman take bukata. Idan jini ya ɓalle bayan haihuwa, cikin awa biyu yana iya tafiya da rai. Idan ɗa ya zo a gicciye, ko ƙugun yarinya ya yi masa kaɗan, babu jiƙon da zai buɗe ƙashi, sai tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Mu kuwa ga babban asibitin tarayya a cikin garin Birnin Kudu, ga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, a ce kuma mace ta mutu a ɗaki saboda kunya?

To sai na yi wata dabara. Na roƙi maigida ya kai ni gida yini ɗaya, na sayi goro da sabulu na tafi wurin Iya da kaina. Bayan mun gaisa na sunkuyar da kai na ce, “Iya, alfarma na zo nema. So nake ki zo ki zauna da ni a Birnin Kudu idan watan ya kama, mu tafi asibiti tare.”

Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, “'Yar nan, ni da na yanke miki cibiya, yau ni za ki kai wa yaran nan masu fararen kaya in zama 'yar kallo?”

Na ce, “Iya, su aikinsu ɗan, ke kuma ni nake so ki riƙe. Ba wanda zan iya yin kuka a gabansa sai ke.”

Ta yi shiru tana jujjuya goron a hannunta, can ta ce, “To Allah ya kai mu.” Da na ga ta sauko sai na lallaɓa na kawo sharuɗɗana: ba jiƙo, ba danna ciki, rezarta kuma ta bar ta a gida. Nan ma sai da aka sha fama, domin cewa ta yi ko Makka za ta da rezarta take tafiya. Inna ta yi fushi na kwana biyu, wai na watsa mata ƙasa a ido a gaban kishiyoyi, amma da aka ce ita ma ta taho tare da Iya sai ta huce.

Ranar awo na gaba na tambayi babbar malamar ɗakin haihuwa na asibitin da nake zuwa, wanda ba sai na kama sunansa ba, ko za a bar ni in shiga da mace ɗaya. Ta ce namiji dai ba ya shiga saboda ɗakin na mata da yawa ne, amma tsohuwa ɗaya mai natsuwa babu laifi. Allah ya taimake ni na yi wannan tambayar, domin daren da abin ya zo, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, malamar da muka tarar cewa ta yi kowa ya tsaya a waje. Sai da na ambaci izinin da aka ba ni sannan ta ƙyale Iya ta shigo, tana ƙunƙuni.

Ba zan iya ba ku labarin daren nan duka ba, wani abin ma ban san an yi ba. Abin da na riƙe shi ne hannun Iya mai kaushi a gadon bayana, yana murzawa daidai inda ciwon yake kamar ta shiga jikina ta gani. Idan ya lafa ta kama ni mu zagaya, idan ya taso ta ce in jingina da ita in ja numfashi, tana yi mini addu'a a kunne. Da na fara kiran sunan Inna ina cewa mutuwa zan yi, ba ta ce mini “ke raguwa” ba, cewa ta yi, “Yi kukanki, babu mai ji sai ni.” Da asuba na sauka, mace, malamar ce ta karɓe ta, ta yanke cibiya da almakashinta, Iya na gefe tana taɓe baki.

An gyara ni an kwantar, malamar ta koma kan wata da kan ɗanta ya riga ya fito. Ni dai na ji wani barci mai daɗi yana ɗibata, ga sanyi-sanyi. Ashe jini ne yake zuba. Iya ce ta ɗaga zanen ta duba, ta ga na biyu ma ya jiƙe sharkaf, ta san wannan ya wuce na biƙi. Tsohuwar nan da ko tafiya da ƙyar take yi, sai ga ta a tsakiyar ɗaki tana ƙwala kira har sai da malamai biyu suka rugo. Aka murza mini mara, aka yi allura, aka ɗaura ruwa, daga baya aka ƙara mini jini leda ɗaya wanda ƙanin maigida ya bayar. Iya ba ta da allurar, malaman kuma a wannan mintin idonsu ba ya kaina.

Saboda haka ƙanwata, idan lokacinki ya zo, ba sai kin nemo 'yar Abuja da kuɗi masu yawa ba, amma ki zaɓi taki tun cikin yana wata bakwai, kuma ki zaɓa da hankali. Ba kowace mai ƙaunarki ce za ta iya ba. Innata tana sona fiye da kowa, amma da ita ce a ciki, da sai an bar ni an koma fifita ta, domin ko zazzaɓi na yi kuka take. Uwar miji kuwa, komai kirkinta, kunyarta za ta hana ki faɗin inda yake miki ciwo. Ki kuma guji mai faɗa, wadda za ta shiga tana koya wa malaman asibiti aikinsu, ita za a kora ke kuma a ɗaure miki fuska. Ki nemi wadda ta taɓa haihuwa ko ta sha ganin haihuwa, mai sanyin rai, mai riƙe sirri, wadda ba ta jin nauyin ɗaga murya idan ta ga abin da bai yi mata ba. Yayarki ce, gwaggonki ce, ko ungozomar unguwarku ce, duk ɗaya, muddin ta yarda cewa rakiya ta zo.

Sauran shirin kuma na maigida ne, ki tuna masa cikin ladabi. Ya ba da izini tun da wuri a gaban iyayensa cewa ko ba ya gari a fita da ke. A ware kuɗin mota, a karɓi lambar direba, a san wanda zai ba da jini. A zamanin gwamnatin Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, an ɓullo da shirin Haihuwa Lafiya a Jigawa, wanda ya haɗa da tanadin motar ɗauko masu naƙuda daga ƙauyuka, don haka ki sa a tambayi mai unguwa ko akwai irin wannan tsari a garinku. Kuma idan kika ga ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko jini, ko ruwa ya fashe, ko naƙuda ta wuce yini guda, kada a tsaya jiran gari ya waye.

Ita kuwa Iya, bayan suna maigida ya sallame ta da turmin atamfa da kwalin sabulu da 'yan kuɗi, ga rabonta na naman suna. An ce da ta koma gida ta tara matan unguwa tana ba su labari, wai asibitin Birnin Kudu kaf ba don ita ba da sun yi abin kunya. Na ji kuma tun daga lokacin ta raka mata biyu asibiti a Gwaram. Sai da Inna take kwashe kayan wanki ta tsinci rezar nan a ƙulle a bakin zanen Iya, sabuwa fil a cikin takardarta. Ashe da ita aka je.