Yadda Ake Tsara Shafin Intanet Don Ya Dace Da Wayar Hannu

Shafin da aka tsara don allon kwamfutar ofis, idan aka buɗe shi a waya, rubutunsa yakan ƙanƙance, hoto ya fice gefe, mai karatu ya yi ta jan allo hagu da dama. Ga ɗan kasuwar da ke tallata hajarsa a shafin, hakan na nufin mai saye ya juya ya tafi.

Matsalar ta samo asali ne tun lokacin da wayoyi suka fara shiga intanet. A 1999, wayoyi irin su Nokia 7110 sun zo da tsarin WAP, wanda ke buƙatar a yi musu shafuka na daban, kusan rubutu zalla. Sai a 2010 wani mai zanen shafuka ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya fito da dabarar da ta zama ruwan dare a yau: a gina shafi guda mai sassauci, wanda ke auna faɗin allo ya sake jera kansa. Ginshiƙai uku a kwamfuta sai su koma ɗaya a waya, hotuna su ragu daidai da wurin. Daga 2015 kuma Google ya fara fifita irin waɗannan shafuka a sakamakon binciken da aka yi ta waya.

Sai dai jeri kaɗai bai wadatar ba. Yatsa ba shi da tsinin kibiyar linzamin kwamfuta, shi ya sa Apple ke ba da shawarar kada maɓalli ya gaza ɗigo 44 a faɗi da tsawo. Mahaɗai biyu da aka cusa kusa da juna kan sa ma'aikaci ya danna "soke" alhali "aika" yake nufi, bayan ya gama cike fom mai tsawo.

Abin da masu zane suka fi sakaci da shi kuwa shi ne nauyi. Kowane hoto da bidiyo data yake ci, kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, bidiyon da ke kunna kansa ba tare da izini ba ya zama cin aljihun mai karatu. Mai zanen da ya san aikinsa yakan matse hotuna, ya hana su saukowa sai an gangaro inda suke, ya kuma gwada shafin a ƙaramar waya a wurin da sabis ke da rauni.