Sunan Washington: Daga Ƙauyen Ingila Zuwa Bakin 'Ya'yan Bayi

Duk wanda ya ji an ce Washington, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne babban birnin ƙasar Amurka, ko kuwa shugabanta na farko, George Washington. Amma sunan nan ya girmi Amurka da shekaru ɗaruruwa. Asalinsa sunan wani ɗan ƙauye ne a arewa maso gabashin Ingila, cikin tsohuwar gundumar Durham, kusa da garin Sunderland.

Masana harshen Turanci sun ce kalmar ta haɗa gaɓoɓi uku ne. Ta farko sunan wani mutum ne na zamanin da, ta tsakiya tana nufin mutanensa ko zuriyarsa, ta ƙarshe kuwa, watau "tun", ma'anarta gona ko ƙauye. Ke nan kamar a ce Gidan Wane ko Tungar Wane a Hausance. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ake gani a ƙarshen sunayen Turawa irin su Clinton da Milton.

Kafin Normawa su zo daga Faransa su ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, suna ɗaya ya ishi yawancin Ingilishi. Sababbin masu sarautar ne suka yawaita al'adar kiran mutum da sunan ƙasar da ya mallaka, su sa kalmar Faransanci "de" a gaba, watau "na". To, a cikin littafin Boldon, wanda aka rubuta a 1183 don ƙididdige filayen Bishop na Durham, an ambaci wani mutum, William de Hertburn, wanda ya ba da filinsa na Hertburn aka musanya masa da ƙauyen Wessyngton. Da ya sake mazauni sai ya sake suna, ya koma William de Wessyngton. 'Ya'yansa da jikokinsa suka gāji filin tare da sunan. A kwana a tashi aka yar da "de", rubutun kuma ya yi ta sauyawa har ya tsaya a kan Washington.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga mai karatu. Ai mun san Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari, duk sunayen garuruwa ne suka liƙe wa mutane. Bambancin dai shi ne, a Ingila sunan ya zama gādo tun wajen shekarar 1400, har ya bi mutanen da ba su taɓa ganin ƙauyen da idonsu ba.

Haka kuwa aka yi. Wani reshe na zuriyar ya koma Lancashire, daga cikinsu kuma aka sami Lawrence Washington, attajirin gashin tumaki, wanda ya sayi gidan gona na Sulgrave a Northamptonshire zamanin Sarki Henry na Takwas. Wani daga cikin zuriyarsa, shi ma Lawrence, limamin coci ne a ƙauyen Purleigh. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, sai ya goyi bayan Sarki. Mutanen Majalisa suka tsige shi a 1643, suka kuma ɗora masa laifin yawan zama a gidan giya. Gidan ya talauce. Wannan ne ya sa ɗansa John ya shiga jirgin ruwan fataucin taba a 1656 ya nufi Virginia, inda jirgin ya kafe a kogin Potomac. John ya zauna can, ya auri 'yar wani mai gonaki, surukinsa kuma ya ba shi fili eka 700. George Washington, wanda aka haifa a 1732, tattaɓa-kunnen John ɗin nan ne.

Bayan George ya jagoranci yaƙin neman 'yanci, ya zama shugaban ƙasa a 1789. Aka raɗa wa sabon babban birni sunansa a 1791, aka kuma sa wa wata jiha a 1889. Tambarin gidansu na Ingila, mai jajayen layuka biyu da jajayen taurari uku a kan farin fili, shi ne aka mayar tutar gundumar babban birnin a 1938.

Amma ga inda labarin ya ɗauki wata hanya dabam. George Washington bai haihu ba. Sa'an nan kuma mai bayi ne, tun yana ɗan shekara 11 ya gāji bayi goma daga mahaifinsa. Sa'ad da ya rasu a 1799 akwai bayi 317 a gandunsa na Mount Vernon, 123 daga cikinsu nasa ne na kansa, kuma su ne ya yi wasiyya a 'yanta. Sauran kuwa, yawancinsu dukiyar magadan mijin matarsa na fari ne, saboda haka suka ci gaba da bauta.

Da aka soke bauta a Amurka a 1865, mutane wajen miliyan huɗu suka sami kansu, da yawa ba su da wani suna na biyu da hukuma ta sani. Tilas kowa ya nemi wanda zai rubuta a takardar aure ko ta aikin soja. Waɗansu suka riƙe sunan tsohon ubangijinsu, waɗansu suka ƙi shi ƙememe, suka zaɓi sunan da babu mai iya cewa ba na ɗan ƙasa ba ne. Kuskure ne babba a ɗauka duk baƙin mutum mai suna Washington daga gandun Mount Vernon kakanninsa suka fito.

Alal misali, Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta a 1856, daga baya ya zama shugaban farko na makarantar Tuskegee a 1881. Ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa cewa ran da ya shiga makaranta ya ji malami na kiran yara, kowa da suna biyu, shi kuwa Booker kaɗai ya sani. Da aka zo kansa sai ya ƙara Washington nan take. Ɗalibanmu na da, waɗanda malami ya liƙa wa sunan garinsu a rijista, za su gane wannan hali sarai.

A ƙidayar jama'ar Amurka ta shekarar 2000 an sami mutum 163,036 masu wannan suna, kashi 90 cikin 100 baƙaƙen fata ne. A cikin sunayen da suka yawaita a ƙasar, babu wanda ya kai shi wannan kaso.

Ƙauyen na Ingila kuwa yana nan. Ya daɗe yana garin masu haƙar kwal, a 1964 gwamnati ta mai da shi sabon gari, kamfanin Nissan kuma ya buɗe masana'antar motoci a gefensa a 1986. Tsohon gidan zuriyar, wanda ya fita daga hannunsu tun 1613, an gyara shi ya zama wurin ziyara, kuma Shugaba Jimmy Carter ya je can a watan Mayu na 1977.