Gishiri, maƙoƙo da hali: aikin ƙwaƙwalwa da ormon a jikin ɗan Adam (misalin ƙasar Sarkin Hausa)

Gabatarwa

Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne. A cikin wannan maƙala muna son mu nuna cewa wani sashe na abin da ake kira hali, wato sanyin jiki ko zafin rai, kaifin hankali ko nauyin kai, yana da tushe cikin jini, kuma abin da mutum yake ci yana iya sāke shi. Mun ɗauki misalinmu daga ƙasar Sarkin Hausa, cikin gundumar Mayahi, da maƙwabtanta na wajen Tasawa, a jahar Maradi. Game da kalmomi kuwa, inda Hausa take da suna, kamar maƙoƙo, mun riƙe shi. Inda babu, mun aro na Faransanci mun rubuta shi yadda bakin Bahaushe zai iya faɗa.

Hanyoyi biyu na aika saƙo

Ƙwaƙwalwa tana mulkin jiki ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce jijiyoyi, waɗanda saƙonsu ya fi ƙiftawar ido sauri. Ta biyu ita ce ta gilan, wato wasu ƴan ƙullutun nama da ke tsattsafo da sinadari kai tsaye cikin jini. Sinadarin nan shi ake kira ormon, sunan da Ernest Starling na Ingila ya raɗa masa a 1905. Ormon ɗan aike ne mai tafiya a ƙasa: yakan jima bai isa ba, amma in ya isa aikinsa yana daɗewa. Manomin da ya taka maciji cikin gona, jijiya ce ke janye ƙafarsa. Faɗuwar gaba da rawar jiki da ke biyo baya kuma aikin adirenalin ne, ormon da gilan na bisa ƙoda ke saki.

Mahaɗar hanyoyin biyu tana gindin ƙwaƙwalwa. A nan akwai wani ɗan wuri da ake kira ipotalamus, mai lura da yunwa, ƙishirwa, barci da zafin jiki. A ƙarƙashinsa ipofiz ke rataye, gilan da bai fi ƙwayar wake ba, nauyinsa wajen rabin giram. Ipotalamus ke ba da umarni, ipofiz ya isar da shi ga sauran gilan, su kuma yawan ormon da suka zuba cikin jini shi ne amsar da ke komawa sama.

Tiroyid da maƙoƙo

Gilan da ya fi shafar ƙasar da muke magana a kanta shi ne tiroyid. Yana gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, siffarsa kamar malam-buɗe-littafi, nauyinsa giram 15 zuwa 25 ga baligi. Ormon ɗinsa ke ƙayyade saurin da jiki duka yake aiki da shi. In ya yi ƙaranci, mutum yakan yi kasala, da yawan barci, da mantuwa, da jin sanyi ko cikin bazara. In ya yi yawa, sai zuffa, da bugun zuciya, da rashin barci, da rama ko ana ci sosai, da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na farkon a ƙauye ce masa ake rago, ta biyun kuma masifaffiya, ko a ce iska ta taɓa ta. Theodor Kocher, likitan fiɗa na birnin Bern, ya ba da shaida mai ban tausayi a 1883: mutanen da ya cire wa tiroyid gaba ɗaya sun warke daga kumburin wuya, amma daga baya magana da tunani da motsinsu duk suka yi nauyi.

Tiroyid ba ya iya ƙera ormon ɗinsa sai da iyod. Abin da baligi yake bukata kaɗan ne ƙwarai, mikrogiram 150 a yini (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), mai ciki kuma 250. Na rayuwar mutum duka bai wuce cokalin shayi guda ba. To, in iyod ya kāsa, ormon ya ragu cikin jini, ipofiz sai ya yi ta ƙara aika umarni. Tiroyid ba shi da abin aiki, sai ya yi abin da manomi ke yi in gonarsa ta gaji: ya ƙara faɗi. Wannan ƙarin faɗin shi ne maƙoƙo.

Me ya sa a nan?

Taskar iyod ta duniya teku ce, kuma tsakanin Mayahi da bakin teku akwai fiye da kilomita 800. Ƙasar jigawa ba ta riƙe shi da yawa, dan haka hatsin da ya fito cikinta da ruwan rijiya ba su wadatar da jiki. Gishirin gargajiya ma bai cike giɓin ba. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851, tare ya zo da ayarin Abzinawa masu ɗauke da gishirin Bilma. Wannan kantu da beza sun ciyar da mutane da dabbobi ƙarni bayan ƙarni, sai dai iyod ɗin cikinsu bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma batun gero, wanda ba mu faɗa da son rai, tun da shi ne fura, shi ne tuwo. A farkon shekarun 1980 aka lura a Darfur ta Sudan cewa maƙoƙo ya fi yawa a ƙauyukan da gero ne kusan dukan abincinsu. A 1989 Eduardo Gaitan da abokan aikinsa suka nuna cewa gero yana ɗauke da wasu sinadarai masu hana tiroyid amfani da iyod, kuma akasarinsu cikin dusa suke. Ke nan surfe da mata ke yi kowace safiya kariya ce, ko ba su sani ba. A ganinmu haɗarin yana ƙaruwa a shekarun yunwa irin 1984 da 2005, lokacin da dusa kanta ta zama abinci. Rogon da ba a jiƙa sosai ba shi ma yana da irin wannan illa. Ba muna cewa a bar gero ba ne: inda iyod ya wadata, illarsa ba ta da ƙarfi.

Abin da ba a gani a wuya

Maƙoƙo ana ganinsa, amma babbar hasara tana cikin mahaifa. A watannin farko na ciki, jariri ba shi da tiroyid mai aiki. Nasa yana somawa wajen mako na 12, kuma har tsakiyar ciki ormon ɗin uwa ne ke gina masa ƙwaƙwalwa. In ƙarancin ya yi tsanani, a haifi yaro gajere, kurma ko bebe, wanda hankalinsa ba zai cika ba har abada. Waɗannan kaɗan ne. Masu yawan su ne yaran da lafiyarsu lau a ido, amma karatu ya yi musu wuya a lakwal da makarantar allo. Wani nazari na 1994 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya sami bambancin maki 13,5 a ma'aunin basira tsakanin al'ummomi masu iyod da marasa shi. Yaro nawa aka yi wa bulala, aka kira shi daƙiƙi, a kan abin da ya faru tun bai zo duniya ba?

Maganin ba sabo ba ne. Suwis ta soma zuba iyod cikin gishiri a 1922, Nijar kuma ta wajabta haka a 1995. Amma doka ba ta bin gishiri har cikin tukunya. Wanda aka zube a faifai a kasuwa, rana ta buge shi, laima ta kama shi, yana rasa iyod ɗinsa a hankali. A gida ma ya kamata a rufe shi, nesa da murhu. Ana gane mai iyod da ɗigon wani ruwan gwaji da ke mayar da shi shuɗi. Tsohon maƙoƙo mai ƙullutu kuwa gishiri ba ya narkar da shi, har ma iyod mai yawa farat ɗaya yana iya tunzura shi ya zuba ormon fiye da kima, kamar yadda aka gani a Zimbabuwe a shekarun 1990. Mai irin wannan, awon jini a asibiti ya kamace shi.