Bashi Daban, Tara Daban

Malamin firamare a Udubo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa, ko ɗan kasuwar da ke sayen riɗi da wake a ƙauyukan ƙasar Katagum, idan kuɗi suka yanke masa, banki na iya barinsa ya ciri fiye da abin da ke asusunsa, wato obadiraf, da sharaɗin albashi ko kuɗin ciniki na shigowa za a zare. Mafi yawan rassan bankunan yankin a Azare suke, amma yanzu da waya ma ana karɓar irin wannan bashi. Rigima kan tashi ne ranar da albashi ya sauka, mutum ya je wurin mai POS ya tarar an kwashe fiye da yadda ya zata. Nan take jama'a su rabu biyu. Wasu su ce banki ɓarawo ne mai lasisi, wasu su ce wanda ya ci bashi shi ya jawo wa kansa. Dukansu suna cakuɗa abu biyu: kuɗin da aka ranta, da tarar da aka ɗora a kansu. Na farko nauyi ne a wuyan wanda ya karɓa ko ta halin ƙaƙa. Na biyu kuwa sai an tambayi ko ya san da shi, da kuma ko laifinsa ne.

Biyan uwar kuɗi ba abin jayayya ba ne. Kuɗin da banki ke rantawa ajiyar wasu ce, ciki har da maƙwabtanmu. Mun ga abin da ya faru da shirin Anchor Borrowers da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamba 2015, inda manoma da yawa suka ɗauki taki da iri da kuɗin da aka ba su a matsayin rabonsu na gwamnati, suka ƙi biya. Wasu ambaliya ce ta cinye gonakinsu, wannan uzuri ne na gaske, amma wasu aure suka ƙara. Wanda ya ɗanɗana kuɗar hakan shi ne manomin kirki da ya zo daga baya ya tarar an rufe ƙofa. Addini ma bai yi sassauci ba, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Sai dai a duba yadda lissafin yake. A ɗauka malamin nan ya zarce asusunsa da naira 50,000, kuma ruwan da banki ya sa kashi 30 cikin ɗari ne a shekara, abin da ba mamaki ba ne tun da Babban Bankin Najeriya ya kai nasa ma'aunin ruwa kashi 27.5 a Nuwamba 2024. Ruwan wata guda ya kama naira 1,250. Jadawalin caje-caje da Babban Bankin ya fitar, wanda ya soma aiki ranar 1 ga Janairu 2020, ya yarda a karɓi kuɗin kula da bashi har kashi 1 cikin ɗari, sau ɗaya, wato naira 500. Idan wa'adi ya wuce ba a biya ba, ana iya ƙara tarar kashi 1 cikin ɗari na abin da ya rage duk wata, ruwan kuma bai daina gudu ba. Kowanne shi kaɗai bai kai a ɗaga murya ba. Amma albashin da aka gutsure ba zai kai ƙarshen wata ba, sai a sake zarcewa, kamar mai haƙa rami don ya cike wani. Kuma sau da yawa jinkirin ba daga malamin ba ne, albashin ne ya makara. Wanda ya riƙe albashi ba ya biyan ko sisi, wanda aka riƙe wa shi ake ci tara.

Masu kare bankuna za su ce ai ya sa hannu. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi, domin in aka ce sa hannu ba komai ba ne, ciniki ya mutu. To amma a kan me ya sa hannun? Takarda ce mai ƙananan haruffa da Turancin lauyoyi, ko kuma danna lamba ɗaya a waya, a yankin da mutane da yawa karatun allo da ajami suka fi ƙwarewa a kai. Bankin da ya iya tallata bashinsa da Hausa a rediyo ba shi da uzurin kasa bayyana tararsa da Hausa. Za su kuma ce in babu tara kowa zai yi wasa da wa'adi. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, amma tsoratar da mai taurin bashi daban, mayar da makararsa hanyar samun riba daban. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, a ƙa'idarsu tarar jinkiri sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Ta haka mai wasa da biya yana jin zafi, bankin kuma ba ya addu'ar ya makara.

Babban Bankin da kansa ya raba abubuwan nan biyu, wato bashi da tara. Tun 1 ga Agusta 2020, tsarin GSI ya ba banki damar bin lambar BVN ta mai bashi ya ciro kuɗinsa daga asusun da yake da shi a wani banki, don haka dabarar sauya banki a gudu ta ƙare. Amma abin da aka yarda a ciro ta wannan hanya uwar kuɗi ce da ruwan da ya taru, ban da tara. A Birtaniya ma an sha wannan muhawara. A 2009 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba bankuna nasara a shari'ar caje-cajen obadiraf, amma daga Afrilu 2020 hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi ta hana cajin yini-yini da na wata-wata, ta tilasta a bayyana farashi da ma'aunin ruwa guda na shekara, bayan ta gano masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi biya.

Saura nauyin da ya rage kan mai karɓa, kuma ba ƙarami ba ne. Wanda ya zarce asusu don maganin yaro a asibitin Azare da wanda ya zarce don ɗinkin biki ba ɗaya suke ba, ko da banki bai bambanta su ba. Kafin a karɓa, haƙƙin mutum ne ya nemi takardar sharuɗɗa, ya ce a faɗa masa a naira nawa zai biya in ya cika wa'adi, nawa in ya makara wata guda. In an zare abin da bai gane ba, ya nemi bayanin asusu, ya rubuta ƙorafi ga bankin ya karɓi lambar shaida. In ba a warware ba, Babban Bankin yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna tun 2012, kuma ƙa'ida ta wajabta a mayar da duk cajin da ya wuce iyaka, haɗe da ruwansa.